Magudanar Sakamako da Magudanar Ƙorafi: Yadda Ake Karkata Maganar Kwamfuta



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mini aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, wani abokina ya ba ni shawara in ɗauko babban batu irin wanda ke cika zaure. Ban bi shawararsa ba. Na zaɓi in tsaya a kan waɗansu 'yan alamomi huɗu ko biyar, waɗanda in an jera su duka ba za su cika rabin layi ba. Dalilina shi ne, a duk lokacin da aka kira ni in duba wata na'ura da ta yi ɓarna a ofis, in na bi sawu, sau da yawa nakan iske na'urar ta daɗe tana faɗin ciwonta, amma wani ya juya bakinta ya fuskanci bango.

Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, daga wajen Matsinkai, can kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Duk wanda ya taɓa bin fadamun Kwara da rani ya ga yadda ake ban-ruwan shinkafa. Inji yana bakin ruwa yana ta ruri, tiyo ya ɗauko ruwan ya zuba a babbar magudana, sa'an nan ga yaro riƙe da fartanya, ya buɗe wa wannan fangali, in ya cika ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Injin bai san wane fangali ke shan ruwa ba, ba ruwansa kuma. Aikinsa turowa. Yaron nan mai fartanya shi ke yanke hukuncin inda ruwa zai bi. In kun riƙe wannan hoto a zukatanku, to, rabin laccar nan kun riga kun gane ta.

Na'urorin da ke riƙe da manyan bayanai a duniya, watau waɗanda ake kira saba, mafi yawansu suna aiki ne da tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi kuwa Linux ya gaji ɗabi'unsa ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a 1969 a ɗakunan bincike na Bell, a jihar New Jersey ta Amurka. Kada wani ya ce wannan ya yi masa nisa. Wayar Android da ke aljihunka zuciyarta Linux ce. Haka kuma rahoton wata-wata da ƙananan asibitocin karkara ke aikawa ofishin ƙaramar hukuma, daga nan a shigar da shi manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta ƙera, to, a kan irin waɗannan na'urori yake kwana. Adadin yaran da aka yi wa rigakafi a gundumar Matsinkai, in ya bar takarda, nan ne gidansa.

A irin wannan tsari akwai wani shiri da ke tsaye tsakanin mutum da zuciyar na'ura. Turawa sun raɗa masa suna da kalmarsu mai ma'anar ɓawo, domin yana lulluɓe da ƙwaya kamar yadda ɓawon gyaɗa ke lulluɓe da tata. Mu a nan za mu kira shi shel. Aikinsa na tafinta ne: ka rubuta umarni, ya karanta, ya tashi shirin da ka ambata, ya jira shi ya gama. In kuwa ka jera umarnai da yawa a fayil guda domin shel ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da kana zaune ba, wannan fayil shi ne sikirif. Shi shel ɗin nan shi ne yaronmu mai fartanya.

Kowane shiri da shel ya tasa, yakan tashi ne da magudanai uku a buɗe, kowace da lambarta. Ta 0 ita ce mashiga, ta inda shiri ke karɓar abin da zai yi aiki a kai. Ta 1 ita ce magudanar sakamako, ta inda yake fitar da amfanin aikinsa. Ta 2 ita ce magudanar ƙorafi, ta inda yake faɗin cewa wani abu ya faskara. In ba ka ce kome ba, mashiga tana haɗe da maɓallan da kake bugawa, sauran biyun kuwa duka suna zuba a allon da ke gabanka. To, a nan ne ruɗu ke farawa, domin ido yana ganin rubutu iri ɗaya a allo ɗaya, sai mutum ya ɗauka bakin guda ne, alhali kuwa biyu ne.

Me ya sa aka raba su? Da farko ba a raba ba. Shel na farko da Thompson ya rubuta, wanda ya fito tare da bugun farko na Unix a 1971, yana da alamar da ke karkata sakamako zuwa fayil, amma ƙorafi da sakamako hanyarsu ɗaya. Tun a 1964 wani malami a wurin, Douglas McIlroy, ya rubuta 'yar takarda yana cewa ya kamata a sami hanyar jona shirye-shirye kamar yadda ake jona tiyon ban-ruwan lambu, a ƙara wani yanki duk sa'ad da ake bukata. Kun ga ashe misalin ban-ruwan nan ba ni na ƙago shi ba. A 1973 Thompson ya aiwatar da wannan shawara, aka sami abin da muke kira bututu. Nan fa matsala ta fito fili. In shiri na farko ya gamu da cikas ya yi ƙorafi, sai ƙorafin ya bi bututu ya faɗa bakin shiri na biyu, shi kuwa ya haɗiye shi a matsayin kayan aiki. Stephen Johnson, ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin, ya ba da labarin yadda suke da injin ɗab'i mai buga rubutu a kan takardar hoto, wadda sai an wanke ta kafin a ga abin da ke kai. Wata rana aka sha wahalar wankewa, da aka duba sai ga layi guda tak, an tsara shi da kyakkyawan harafi, yana cewa an kasa buɗe fayil. McIlroy ya rubuta cewa an yi ta haƙuri da wannan hali har zuwa bugu na shida, wanda ya fito a 1975, sa'an nan Ritchie ya raba gardama, ya buɗe wa ƙorafi tasa magudanar. Shel na Stephen Bourne, wanda ya zo da bugu na bakwai a 1979, shi ya yaɗa rubutun da muke amfani da shi har yau, kuma Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, ya gaje shi.

Bari mu sauko kan aiki. A ce akawu yana son jerin abin da ke cikin jakunkuna biyu, ya rubuta:

ls rajista_2023 rajista_2024 > jeri.txt

Alamar nan mai tsinin kibiya tana cewa: ɗauke magudanar sakamako daga allo, kai ta fayil mai suna jeri.txt. In jakar rajista_2024 babu ita, ƙorafin ba zai shiga jeri.txt ba, a allo zai bayyana, domin kibiya in ba a sa mata lamba ba, magudana ta 1 kaɗai take nufi. In akawu yana son ya tara ƙorafin wuri ɗaya, sai ya ƙara da cewa:

ls rajista_2023 rajista_2024 > jeri.txt 2> kurakurai.txt

Lambar 2 ta manne da kibiya, kada a bar fili tsakaninsu. In aka bar fili, shirin zai ɗauka 2 sunan wata jaka ce da ake son ya duba.

Akwai wani hali na kibiya guda da nake roƙon ma'aikata su rubuta shi da jan biro. Kafin shiri ya fara aiki ko da na ƙiftawar ido, shel yakan buɗe fayil ɗin da aka ambata, in babu ya ƙirƙira, in akwai ya share abin da ke ciki ƙaƙaf. Shi ya sa wanda ya so ya jera sunaye bisa haruffa ya rubuta

sort sunaye.txt > sunaye.txt

zai tashi da fayil fanko. Shel ya wanke tukunyar tun kafin mai tuƙi ya iso. Babu gargaɗi, babu tambayar ko ka tabbata. Hanyar da ta dace ita ce a zuba a wani sabon fayil, ko a yi amfani da sort -o, wanda aka yi shi domin wannan. Kibiya biyu a jere, watau >>, ita ba ta sharewa, ƙari take yi a ƙarshe, kamar yadda akawu ke ci gaba da rubutu a rajista daga inda na jiya ya tsaya. Mai jin tsoron hannunsa kuma yana iya rubuta set -C a farkon aiki, shel zai ƙi share duk fayil ɗin da ya tarar.

Yanzu mun zo wurin da ya fi kā da mutane, kuma a nan zan ɗan zauna. Sau da yawa ana son sakamako da ƙorafi su taru a fayil guda. Ga yadda ake rubutawa:

umarni > duka.txt 2>&1

Wannan alama da ke gaban 1 tana gaya wa shel cewa 1 ɗin nan magudana ce, ba sunan fayil ba. In ka mance ta ka rubuta 2>1, za ka tarar da wani sabon fayil mai suna 1 a jakarka, cike da ƙorafi, ka yi ta mamakin wanda ya ajiye shi. Amma babban tarkon yana wajen jeri. Ku dubi wannan:

umarni 2>&1 > duka.txt

Kalmomin ɗaya ne, an dai sauya musu wuri, amma aikin ya bambanta. A nan ƙorafi zai fito a allo, sakamako kaɗai zai shiga fayil. Dalili kuwa shel yana karantawa daga hagu zuwa dama, yana aiwatar da kowane umarni nan take. Ku ɗauka shugaban ofis ne da masinjoji biyu, Na-ɗaya da Na-biyu, dukansu sun saba kai takardu teburinsa. A jeri na farko ya ce wa Na-ɗaya, daga yau ka riƙa kaiwa rajista. Sa'an nan ya ce wa Na-biyu, ka riƙa kaiwa inda Na-ɗaya ke kaiwa. Na-biyu ya duba ya ga rajista ce, shi ke nan, dukansu rajista. A jeri na biyu kuwa da Na-biyu aka fara. An ce masa ya kai inda Na-ɗaya ke kaiwa, ya duba ya ga teburin shugaba ne, ya rubuta wannan adireshi ya sa a aljihu. Daga baya aka sauya wa Na-ɗaya wuri. Na-biyu ba ya bin abokinsa a baya, adireshin da ya kwafa a wancan lokaci shi yake riƙe da shi. Abin da 2>&1 ke yi kwafar adireshi ne a daidai lokacin da aka faɗe shi, ba ɗaure magudanai biyu da igiya ba.

Ba na cewa jeri na biyu kuskure ne a kowane hali. Yana da ranarsa. Bututu, wanda ake rubutawa da miƙaƙƙiyar sanda, magudana ta 1 kaɗai yake ɗauka, kuma shel yakan jona shi tun kafin ya dubi kibiyoyi. Saboda haka wanda yake son ya tace ƙorafi kaɗai, ya watsar da sakamako, sai ya rubuta:

umarni 2>&1 > /dev/null | grep rajista

Na-biyu ya kwafi adireshin bututu, Na-ɗaya kuma an tura shi wani wuri. Wanda kuwa ke son ya ga abu a allo kuma ya ajiye kwafi, yana da tee, wanda aikinsa irin na takardar kabon ne da tsofaffin masu buga tafireta suka sani: umarni 2>&1 | tee rahoto.txt.

Na ambaci /dev/null ban bayyana shi ba. Wani fayil ne na musamman wanda duk abin da aka zuba masa ya tafi ke nan. Kada ku kwatanta shi da kwandon shara na ofis, domin kwando ana iya zazzage shi a tsinci takarda. Wannan rijiya ce marar gindi. Tana da amfani in shiri ya cika surutu marar dalili. Amma jimlar nan > /dev/null 2>&1 ta zama kamar laya, ɗalibai suna kwafo ta daga intanet su rataya wa kowane umarni ba tare da sun san abin da ke ƙunshe ba. Ma'anarta ita ce: in ka yi nasara kada ka gaya mini, in ka faɗi ma kada ka gaya mini. Ban san shugaban da zai ba ma'ajin kuɗinsa irin wannan umarni ba.

Ga abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan. Akwai wani shiri mai suna cron wanda ke tada ayyuka a kan lokaci, a ce kullum ƙarfe 2 na dare, lokacin da babu kowa a gaban allo. Al'adarsa ita ce duk abin da aikin ya faɗa, ta kowace magudana, ya tattara ya aika wa mai aikin ta wasiƙar imel. Sai mutum ya ga wasiƙu sun dame shi kowace safiya, ya rataya wa aikin layar nan, ya huta. Aikin da aka fi damƙa wa cron kuwa shi ne ɗaukar kwafin ajiya na rumbun bayanai. An taɓa kirana wani ofis, ba zan ambaci sunansa ba, bayan faifan na'urarsu ya mutu. Ma'aikacin ya tarbe ni da fara'a, ya ce kada in damu, suna da ajiya ta kowane dare. Ya buɗe jaka ya nuna mini fayiloli reras, kowane da kwanan watansa. Da muka duba nauyinsu sai jikinsa ya yi sanyi. An sauya kalmar sirri ta rumbun watanni da suka wuce, ba a sauya ta a sikirif ba. Kowane dare shirin yana ƙorafi, ƙorafin yana faɗawa rijiya, shi kuwa shel yana ƙirƙirar sabon fayil fanko kamar yadda aka umarce shi. Rumbu ne a jere, kowane da jinka mai kyau, babu ƙwayar hatsi a ciki. Sai da aka koma kan takardu, akawuna suka yi makonni suna sake shigar da abin da aka samu.

Kada ku ce wannan sakacin ƙananan ofisoshinmu ne. Ran 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, wanda dubban masu rubuta manhaja a duniya ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya yi kuskure ya share bayanai a babbar na'ura maimakon ta biyu. Kafin ya tsayar da umarnin, kusan gigabayit 300 sun tafi. Da aka juya wajen ajiya sai aka tarar wurin wayam. Shirin pg_dump da ke ɗaukar kwafi na bugu 9.2 ne, rumbun PostgreSQL kuwa bugu 9.6 ne, saboda haka shirin yana ta gazawa. Su fa ba su jefa ƙorafin a rijiya ba, sun shirya ya zo musu ta imel. Amma wasiƙun ba su da hatimin tantancewa irin na DMARC, sai na'urar karɓar wasiƙu ta riƙa mai da su baya, ba wanda ya sani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin sa'a 6 kafin haɗarin domin wata bukata dabam. Duk da haka sun yi asarar aikin waɗannan sa'o'i, wanda suka ƙiyasta ya shafi ayyuka wajen 5,000, da sharhi wajen 5,000, da sababbin masu rajista wajen 700. Na yaba musu da suka buga bayanin abin da ya faru filla-filla a watan Fabrairu na shekarar, domin da irinsa ake koyo. Ku lura kuma, PostgreSQL ɗin nan shi ne dai rumbun da DHIS2 ke zaune a kai.

Akwai wani abu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da magudanar ƙorafi, ko da yake shi ba magudana ba ne. Kowane shiri in ya gama yakan bar lamba guda: 0 in ya yi nasara, wata lamba dabam in ya gaza. Shel yana ajiye ta a $?, kuma da ita if ke yanke hukunci. Ƙorafi domin mutum ake yinsa, lambar nan kuwa domin na'ura. To, amma bututu yana da wata ɗabi'a: lambar shirin ƙarshe ita yake bayarwa. In ka rubuta

pg_dump lafiya | gzip > ajiya.gz

pg_dump ya faɗi, gzip zai karɓi babu, ya matse babu, ya fitar da ɗan fayil mai bayit 20, ya ce ya yi nasara, kuma gaskiya ya faɗa. Wannan ya fi fayil fanko haɗari, domin mai duba nauyi zai ga ba sifiri ba ne. Maganinsa set -o pipefail, wanda ya daɗe a Bash da shel na Korn, kuma ƙa'idar POSIX ta karɓe shi a bugunta na 2024. Ga yadda ni zan rubuta aikin:

#!/bin/bash
set -o pipefail
cd /ajiya || exit 1
exec >> tarihi.log
date
if pg_dump lafiya | gzip > sabo.gz
then
    mv sabo.gz ajiya.gz
    echo "an kammala"
else
    echo "ajiya ta gaza" >&2
    exit 1
fi

Ku dubi layi na huɗu. Kalmar exec in ta zo da kibiya ba tare da wani umarni ba, tana karkata magudanar sikirif ɗin gaba ɗaya daga nan har ƙarshe, ba sai an bi kowane layi ana rataya masa kibiya ba. Da gangan na karkata ta 1 kaɗai na ƙyale ta 2, domin labarin yau da kullum ya tafi rajista, ƙorafi kuwa ya isa hannun cron ya aiko. Ta haka wasiƙa ba za ta zo ba sai da dalili, in ta zo kuwa za a buɗe ta. Ku dubi kuma yadda aka fara zubawa a sabo.gz, ba a taɓa ajiyar jiya ba sai ta yau ta tabbata. Bahaushe ya ce kada a zubar da ruwan tulu don hadari ya haɗu. Sa'an nan ga >&2 a layin gazawa. Wannan ladabi ne da nake nema daga kowane ɗalibi: in sikirif ɗinka zai yi ƙorafi, ya yi shi ta magudanar ƙorafi, domin gobe wani zai jona bututu a bakin aikinka, kada ka mai da shi zamanin injin ɗab'in Bell.

Wani ɗan gargaɗi kan gajerun hanyoyi. Bash ya yarda a rubuta &> a madadin > fayil 2>&1, kuma tun bugu na 4 a 2009 ya yarda da |& a madadin 2>&1 |. Suna da daɗin bugawa, amma ba kowane shel ya san su ba. A Ubuntu tun 2006, da Debian tun 2011, in ka kira sh wani ƙaramin shel mai suna dash ne ke amsawa, kuma da sh cron ke aiki in ba a ce masa wani abu ba. Shi dash in ya ga &> sai ya karanta shi kashi biyu: ya tura umarnin ya yi aiki a bayan fage, sa'an nan ya buɗe fayil ya bar shi fanko. Ba zai ce uffan ba, domin a nahawunsa jimlar daidai take. Mu mutanen bakin iyaka mun san irin wannan. Kalma guda, ka faɗe ta a Bagudo a fahimci abu ɗaya, ka haye Segbana ka faɗe ta a fahimci wani. Ni dai a cikin sikirif doguwar hanya nake bi.

Wani lokaci kuma za ku haɗa magudanai biyu a fayil guda ku tarar ƙorafi ya riga sakamakon da ya kamata ya gabace shi. Na'urar ba ta rikice ba. Shirye-shirye da yawa in sun ga fayil suke zuba wa, ba allo ba, sukan tara sakamako sai ya cika mudu, galibi bayit 4096 a Linux, kana su juye gaba ɗaya. Ƙorafi kuwa ba a tara shi, nan take yake fita, domin in shiri zai mutu kada ya mutu da maganarsa a ciki. Saboda haka mai binciken tarihin aiki kada ya rantse da jerin layuka. In lokaci yana da muhimmanci, a sa kowane layi ya zo da sa'arsa.

Ga ma'aikatan da ke cikin zauren nan, na san yawancinku ba ku ne za ku rubuta sikirif ba, amma ku ke sa hannu a takardar ɗan kwangilar da ya kafa na'urar, ku ne kuma za a tuhuma in bayanan albashi ko na asibiti suka salwanta. Ba sai kun iya Bash ba kafin ku tambaye shi: in aikin dare ya gaza, ina ƙorafin ke zuwa, wa ke karanta shi, da sunansa? In ya ce ta imel ne, ku ce ya ɓata aikin da gangan a gabanku, ya sa kalmar sirri ta ƙarya, ku zauna ku ga ko wasiƙar za ta iso. In ya ce ajiya tana nan, ku ce ya ɗauko ta jiya ya zuba a wata na'ura, ya nuna muku sunan mutum na ƙarshe da aka shigar. A wuraren da intanet ke zuwa yana ɗaukewa, irin ƙauyukanmu na bakin iyaka, rashin zuwan wasiƙa ba ya nuna lafiya, saboda haka a sa wani ya riƙa buɗe tarihi.log kowace safiya ya ga kalmar an kammala da kwanan watan ranar, ya sa hannu a littafi kamar yadda ake sa hannu a rajistar zuwa aiki.

Ku kuma ɗalibai, rashin kwamfuta ba hanzari ba ne. Akwai manhaja mai suna Termux da ke ba da shel a kan wayar Android. Yau da dare ku ƙirƙiri jaka guda, ku kira ls a kanta tare da sunan wata jakar da babu, ku gwada jeri biyun nan da na nuna muku, na masinja Na-ɗaya da Na-biyu. Kafin ku danna maɓalli, ku rubuta a takarda abin da kuke zaton zai fito a allo da abin da zai shiga fayil, sa'an nan ku duba.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.